Kilomita 50 a Kan Dusar Ƙanƙara: Yadda Ake Cin Wannan Tsere

Jama'a, ku dubi mutumin nan da ke kwance rub da ciki a kan ƙanƙara, ya kasa ko ɗaga kai. Sunansa Bjørn Dæhlie, ɗan ƙasar Nowe. A Nagano ta ƙasar Japan ne, shekarar 1998, kuma yanzun nan ya ci zinarensa na takwas a gasar Olamfik ta lokacin hunturu. Abin da ya kayar da shi haka shi ne tseren zamiya a kan ƙanƙara na maza na kilomita 50, wanda ya fi gudun yada ƙanin wani tsawo da kusan kilomita takwas.

Da jin an ce zamiya a kan ƙanƙara, mutum zai ɗauka gangarowa ake yi daga kan dutse, nauyin jiki na yin aikin. A wannan tsere ba haka abin yake ba. Ana tsara hanyar ne ta yadda wajen kashi ɗaya cikin uku hawa ne, kashi ɗaya gangara, sauran kuma tudu da kwari. Ɗan tsere na tafe da dogayen allunan zamiya biyu a ƙafa da sanduna biyu a hannu, ƙafa na turawa, hannu na dannawa, baya da ciki duk suna aiki. A gasar farko da aka yi a Chamonix ta Faransa a 1924, Thorleif Haug ɗan Nowe ya ci tseren cikin awa uku da minti 44. Yau gwanaye kan gama cikin wajen awa biyu.

Salo biyu ne. A na gargajiya, allunan suna bin layuka biyu da aka tsaga a cikin ƙanƙarar, kamar mai tafiya da dogon taku. A ɗayan kuma ana tura ƙafa gefe da gefe, kuma ya fi sauri. Ba'amurke Bill Koch ne ya fito da shi fili a farkon shekarun 1980, har ta kai aka raba salon biyu, kowanne da tserensa.

To amma ku biyo ni bayan fage, don a ganina nan ne rabin nasarar take. Tun da asuba ma'aikata ke tsaye a cikin manyan motoci, suna narka kaki da dutsen guga a ƙarƙashin alluna. A salon gargajiya kaki iri biyu ake shafawa: na santsi a gaba da baya, na riƙo a tsakiya, daidai ƙarƙashin tafin ƙafa. Idan na riƙon ya yi kaɗan, kana hawa kana zamewa baya. Idan ya yi yawa, ƙanƙara ta dunƙule a ƙasa, ka ji kamar kana jan turmi. Ƙanƙarar ma ba ta zama iri ɗaya. Wadda ta bushe da safe tana iya zama caɓi da rana ta ɗaga. Shi ya sa ake bari ɗan tsere ya sauya alluna a tsakiyar tsere, kuma zaɓar lokacin sauyin kansa dabara ce. Sanyi ma yana da hukuncinsa. A Beijing a 2022, iska da tsananin sanyi suka sa aka rage tseren zuwa ƙasa da kilomita 30, Alexander Bolshunov na Rasha ya lashe.

A zamanin su Dæhlie, ɗaya bayan ɗaya ake sakin 'yan tsere, kowa da agogo yake fafatawa, shi kaɗai cikin daji. Daga gasar Turin ta Italiya a 2006, sai aka koma sakin kowa lokaci guda a Olamfik. Wannan ya sauya tseren gaba ɗaya. Wanda ke gaba shi ke shan iska, na bayansa na laɓe yana tara ƙarfi. Sai ka ga mutum ashirin a dunƙule har kilomita 45, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Petter Northug ɗan Nowe ya ƙware a wannan haƙuri: a Vancouver a 2010 ya wuce Axel Teichmann na Jamus a mitocin ƙarshe, tazararsu ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ni dai har yanzu tsohon tsarin ya fi kwanta mini a rai, domin a can babu bayan wanda za ka ɓuya. Sai dai na yarda sabon ya fi tayar da tsikar jiki.

Johannes Klæbo, shi ma ɗan Nowe, ya ɗanɗana ɗacin sabon tsarin. An san shi da gajeren tsere, ana ta cewa dogon zango ba nasa ba ne. A gasar zakarun duniya ta Oberstdorf a Jamus a 2021, shi ya fara tsallake layi, amma a miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe sun gogu da Bolshunov har sandar Bolshunov ta karye. Alƙalai suka soke nasararsa, zinaren ya koma hannun Emil Iversen. A gasar ta 2023 Klæbo ya zo na biyu, bayan Pål Golberg.

Sai gasar zakarun duniya ta 2025, a Trondheim ta Nowe, garin da ya tashi. Ya riga ya ci zinare biyar a gasar, saura wannan. Ƙanƙarar ta jiƙe ta yi nauyi, dubban mutane sun cika daji suna ihu. Ya bi sahun na gaba cikin natsuwa har kusa da ƙarshe, sannan ya saki ƙafa. William Poromaa na Suwidin ya biyo shi na biyu, Simen Krüger na uku, shi kuwa ya tafi gida da zinare shida cikin tsere shida.