Ɗan Ƙaramin Sarkin da ke Ƙasan Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Malam Shugaba, na gode da wannan dama.

Abubuwa huɗu na zo da su a kan wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira haifotalamus. Kowa ya ɗora yatsa a tsakanin girarsa. Yawwa. Da za ka bi ta nan ka nutsa ciki, can ƙasa, sama kaɗan da ganɗarka, nan yake zaune. Nauyinsa bai wuce giram 4 ba, alhali ƙwaƙwalwar babban mutum tana kai giram 1,300 zuwa 1,400. Dabino ɗaya ya fi shi nauyi. Amma ƙishirwarka, yunwarka, zafin jikinka, barcinka, har balagarka, duk a hannunsa suke. A ƙarƙashinsa kuma akwai wata 'yar halitta da ke reto, ana ce mata fituwitari. Shi ke ba da umarni, ita ke aikawa da sinadarai cikin jini, kamar sarki da sanƙirarsa.

Na farko, yadda ake gina shi. Cikin mako na huɗu da shigar ciki, sau da yawa uwar ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba, wani ɗan bututu yake rufewa a bayan ɗan tayi. Gabansa ya kumbura ya zama ƙwaƙwalwa, daga ƙasan kumburin haifotalamus ke fitowa. Ita fituwitari kuwa gida biyu ta haɗa: wani ɓangare ya tsiro daga rufin baki ya yi sama, wani ya sauko daga ƙwaƙwalwa, suka haɗu a tsakiya. Wani Bajamushe, Rathke, ya bayyana wannan aljihun na rufin baki tun 1838.

Amma ku tsaya, ga na biyu, wanda ni yake hana ni zama. Akwai wasu ƙwayoyin jijiya da su ke kunna balaga. Su ke sa muryar yaro ta buɗe, gemu ya fito, yarinya ta fara al'ada. A haifotalamus suke aiki. To a ina aka haife su? A hanci! Wallahi a hanci. Ba a cikin ƙwaƙwalwa suke samuwa ba. Tun ciki bai cika wata biyu ba suke kama hanya daga inda hanci zai fito, su bi zaren jijiyoyin da ke tafiya tare da na jin ƙanshi, su ratsa gindin ƙoƙon kai, su shiga ƙwaƙwalwa, su yi ta tafiya har su iso masauki. Kamar fatake. Ba jagora a gabansu sai zaren nan da suke bi, kamar makaho da sandarsa. Kuma idan sun iso, bayan ɗan motsi a watannin farko na jariri, sai su lafa. Shekara goma, sha biyu, sha uku, suna nan shiru. Rana ɗaya su fara sakin sinadarinsu, ba kwararowa ba, bugu-bugu, kamar mai daka yana ɗaga taɓarya yana saukewa. Idan aka zuba sinadarin nan ba tsayawa, fituwitari daina amsawa take yi. Sai da bugun. Ku riƙe wannan, sai da bugun.

Yanzu idan zaren bai shimfiɗu ba fa? Fataken sun maƙale a hanya. Sai a sami saurayi ya kai sha takwas, ashirin, murya ba ta buɗe ba, ba gemu, kuma, ku saurara, ba ya jin ƙanshi. A turara ɗaki da turaren wuta, shi bai san ana yi ba. Miya ta ƙone a gabansa, sai dai ya ga hayaƙi. Franz Kallmann ya rubuta wannan haɗin a 1944, sunansa cutar ke ɗauke da shi, amma sai a 1989 masu bincike a Amurka suka nuna tafiyar ƙwayoyin nan daga hanci. Shekara 45 ana ganin alamu biyun ba a ga igiyar da ta ɗaure su ba. Abin da ke taɓa ni shi ne, irin wannan yaro a gidajenmu zolaya yake sha, wasu su ce an yi masa sammu, alhali tambaya ɗaya ce: kana jin ƙanshi? Kuma ana ba da sinadaran da suka yi ƙaranci, ya balaga, da yawa ma har su haihu. Ku da za ku zama ma'aikatan lafiya, kada ku manta da hanci.

Na ce huɗu ko? Shugaba yana nuna mini agogo. To na uku, ƙishirwa. A farkon shekarun 1950 wani masani a Suwidin, Bengt Andersson, ya ɗiga ruwan gishiri kaɗan a haifotalamus ɗin awaki. Akuyar da ta ƙoshi da ruwa sai ta koma kan bokiti tana sha kamar ta kwana a daji. Masu azumi kun san wannan da la'asar: jini ya ɗan yi kauri, haifotalamus ya aika wa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa fitsari ke raguwa ya yi ja. Barci kuma, akwai agogo a cikin haifotalamus da hasken ido ke saitawa, saboda haka masu kallon waya ƙarfe biyun dare, ku ji da kyau. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Uwa kuma da jaririnta ya yi kuka nono ya zubo, shi ne dai.

Na'am, Hajiya, akwai tambaya?

Ta ce, me ya sa ɗanta idan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi yake rawar ɗari, alhali jikinsa kamar garwashi?

Hajiya, kin tambayi abin da ya kamata in fara da shi. Haifotalamus yana riƙe jiki a wajen digiri 37. Idan cuta ta shiga, sojojin jini su saki sinadaran da ke sa shi ɗaga ma'aunin, a ce zuwa 39 ko 40. To jikin yaron yana 38, shi kuma yana neman 40, sai ya ɗauka sanyi ake yi. Ya matse jijiyoyin fata, hannu da ƙafa su yi sanyi, ya sa tsoka karkarwa don ta haifar da zafi. Shi ne yaron ke cewa a lulluɓe shi. Idan ma'aunin ya sauko, sai gumi ya karyo, riga ta jiƙe sharkaf. Farasitamol ma'aunin nan yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar cutar. Don haka ko jikin ya yi sanyi, Hajiya, a kai shi a gwada jininsa a ranar, kada a bari sai gobe. Kada kuma a jibga masa barguna, mayafi mara nauyi ya isa, a yi ta ba shi ruwa yana kurɓa.