Lacca: Hayar Mutum-mutumi, Wa Zai Ɗauki Asara?

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka ba da lokacinku.

Bari in fara da shekarar 1959. A shekarar ce kamfanin Haloid Xerox na Amurka ya fito da injin kwafin takardu mai lamba 914. Inji ne mai tsada ƙwarai, ofisoshi kaɗan ne za su iya saye. Sai kamfanin ya ce to, kada ku saya, ku karɓa haya: dala 95 a wata, da kwafi 2,000 a ciki, abin da ya haura kuwa senti 4 kowane kwafi. Kafin ka ce kwabo, injin ya cika ofisoshi. Wannan dabarar ce yau ta shigo harkar mutum-mutumi, wato injunan robot masu yin aiki da kansu, kuma a kanta nake so mu tattauna.

Mutum-mutumi na farko da ya yi aiki a masana'anta shi ne Unimate, a shekarar 1961, a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey. Tsawon shekaru da dama bayan haka, abin ya kasance galibi na manyan kamfanonin mota ne. Me ya sa? Saboda kuɗin injin kansa ba shi ne ƙarshen magana ba. Sai an kafa masa keji don kare ma'aikata, a rubuta masa manhaja, a haɗa shi da sauran injuna, a ɗauki injiniyan da zai kula da shi. Sau da yawa waɗannan kan ci kuɗin da ya fi na injin. Mai ƙaramar masana'anta ya duba, ya ga in ya zuba jarinsa abin bai yi ba, ya karye. Sai ya haƙura.

A tsarin biyan wata-wata, mai injin ne ke kawo shi, ya girka, ya gyara in ya lalace, ya sabunta manhajarsa ta intanet. Kai kuma ka biya a wata, ko a awa, ko a kan yawan aikin da aka yi. Kamfanin Formic da ke Chicago, misali, ya fara ne da caji a kan awannin da injin ya yi aiki. A rumbunan ajiyar kaya kuma akwai kamfanin Locus Robotics, shi ma mai ba da hayar injunan. Ku tuna, a 2012 Amazon ya sayi Kiva Systems, kamfanin da ke ƙera mutum-mutumin rumbunan ajiya, kan dala miliyan 775, daga baya ya daina sayar wa wasu da injunan. Giɓin da hakan ya bari ne irin su Locus suka shigo cikewa.

To jama'a, ga abin da na fi so ku riƙe. In ka sayi inji ya tsaya, asarar taka ce, mai sayarwa ya riga ya karɓi kuɗinsa. In kuwa da awa kake biya, injin na tsayawa kuɗin mai shi ya tsaya. Shi zai rasa barci, shi zai turo makaniki da sauri. Wannan sauyin ne ya sa mai ƙaramin jari ke iya gwadawa. Ga kuma wani sauƙin: lokacin da oda ta yi yawa a ƙara injuna, ta ja baya a mayar da su.

Amma a yi hattara. Wanda zai yi aiki iri ɗaya na shekara goma ba canji, mai yiwuwa saye ya fi masa arha. Sannan injunan nan suna tattara bayanai a kan yadda kake gudanar da aikinka. Ina bayanan ke zuwa, kuma na wane ne? Maganar ma'aikata ma tana damuna ƙwarai. Wanda aka sauke wa ɗaukar kaya masu nauyi, a koya masa kula da injin tun kafin ya iso.

Wani ya turo takarda yana tambaya, me zai fara dubawa a yarjejeniya? Ka duba awa nawa suka yi alkawarin zuwa gyara in injin ya tsaya, da ko za ka biya kuɗin waɗannan awannin, da kuma abin da za a caje ka in ka ce a zo a kwashe injin kafin wa'adi ya cika.