Amsoshin Tambayoyinku: Gurnani a bayan jirgin ruwa

To jama'a, wasiƙar farko daga wani mai sauraronmu ce a Legas, shi ke kula da ƙaramin jirgin ruwan ogansa, irin wanda injin yake cikin jirgi amma giya da farfela suna waje a baya, MerCruiser Alpha One. Ya ce jirgin ya fara wani gurnani ta baya, in ya murza sitiyari sai ƙarar ta ƙaru, shine yake tambaya wai ko injin ne zai buga?

Malam kwantar da hankalinka, da wuya injin ne. Tunda ƙarar tana bin sitiyari, abin da makanikai suke fara zargi shine gimbal bearing, wani boris da shaf yake ratsawa a daidai bangon bayan jirgi kafin ya isa giya. Gwaji mai sauƙi, ka tada inji jirgin yana kan ruwa ba tare da ka sa giya ba, ka murza sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, kana saurare. Gurnani mai kauri, boris ne. In kuma ƙwas-ƙwas kake ji musamman in ka ɗan ɗaga ƙafar sama, wato ɓangaren nan na waje mai giya da farfela, to kuros ɗin shaf ne suka ci, wato gaɓoɓin da suke ba shaf damar lanƙwasawa.

Amma fa boris ba ya mutuwa haka kawai, nan ne mutane suke asarar kuɗi sau biyu. Akwai wata roba mai nanninkewa da ta rufe shaf ɗin, kamar dai robar shaf ta mota, in ta tsufa ta tsage ruwa ya shiga sai tsatsa ta cinye boris da kuros ɗin gaba ɗaya, balle ruwan Legas mai gishiri, kaga in an sa sabon boris an bar tsohuwar roba ai an yi aikin banza. A fito da jirgi tudu, a zare ƙafar, a sa hannu a juya boris ɗin, in yana ƙarƙas-ƙarƙas a canza shi tare da robar, a shafa giris a haƙoran shaf. Kuma don Allah kar a mayar da ƙafar sai an gwada saitin inji da sandar alaimen, in saitin ya kauce kofla ce za ta ci, wato abin da ya haɗa inji da shaf, har ka fara jin ƙaurin roba.

Wani kuma ya turo cewa man giyarsa ya koma fari kamar an zuba madara. Ruwa ne ya shiga, sil ya lalace, sau da yawa zaren kamun kifi ne yake naɗewa a bayan farfela ya yanka shi. Ka duba maganaɗisun da ke jikin murfin juye mai, ɗan gari-gari ba komai bane, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe kar ka sake hawa ruwa sai an buɗe giyar.

Af, in za ku tada inji a tudu a jona tiyon ruwa a mashigar ruwa ta ƙafar tukuna, in ba haka ba robar famfon ruwa ƙonewa za ta yi nan take. Bari mu ɗauko wasiƙa ta gaba.