Idan Mai Kaya Ya Ƙi Sa Hannu

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar da kuke ji, ruwa ne ke dukan rufin mota. Ƙarfe huɗu saura kwata yanzu a nan Manchesta, amma har an kunna fitilun titi, haka Disamba yake a Ingila. Na faka ne in ɗan sha shayi, saura mini gida goma sha ɗaya da zan kai wa kaya in tashi.

Jiya da dare ƙanena ya kira ni daga Tudun Wadar Zariya, daga jin muryarsa na san ba lafiya. Wata shida ke nan yana kai saƙo a mashin, yawanci kayan matan nan masu sayar da atamfa da turaren wuta a WhatsApp. Ya ɗauki leshi biyu daga Sabon Gari zuwa wani gida a Samaru. Wata yarinya ta fito ta karɓa, ya miƙa mata ɗan littafin da yake sa a rubuta suna, ta ce ita ba za ta rubuta komai ba, aiko ta aka yi. Ya ji nauyin ja da ita a ƙofar gidan mutane, ya bar mata kayan ya tafi. Bayan kwana biyu matar gidan ta ce ita ba ta ga leshi ba. Yanzu mai sayar da kayan ta ce sai ya biya. Ya ce mini, "Yaya, ku a can in mutum ya ƙi sa hannu ya kuke yi?" Na ce bari in amsa maka a bidiyo, don na san irinka suna da yawa a Zariya.

To ku duba wannan na'urar da ke hannuna. Kowane kwali da ke bayan motar nan na haska shi da ita tun da safe a wurin lodi. Su ma nan dafo suke ce wa wurin, amma ba irin Dafon sojojin Zariya ba. Daga lokacin da ta yi ƙara a kan kwali, kwalin nan yana wuyana har sai na sauke shi yadda aka ce.

Yawancin kaya ba sa ma buƙatar sa hannu yanzu. Tun zamanin korona a 2020, da aka ce a riƙa barin tazarar mita biyu, kamfanoni da yawa suka koma ɗaukar hoto: ka ajiye kwali a bakin ƙofa, a buɗe, ka ɗauki hoton kwalin da ƙofar a buɗe, ka tambayi sunan wanda ya karɓa. Amma akwai waɗanda mai aikowa ya biya kuɗi na musamman don a sa hannu, irin su waya, kwamfuta, takardun lauya, fasfo. Amazon kuma, kamfanin nan mai sayar da kaya a intanet, in kayan masu tsada ne, lamba shida suke tura wa mai saye, sai ya karanta wa direba kafin a miƙa masa. Sannan akwai giya da wuƙa, waɗanda doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Waɗannan in fuskarka ta nuna ba ka kai 25 ba, sai ka fito da katin shaida.

Amsar tambayarka a taƙaice, ƙanena, ita ce: in ba a sa hannu ba, kaya ba ya barin hannuna. Kuma ba na faɗa. Zan danna a na'urar cewa wanda aka aiko wa kayan ya ƙi karɓa, in rubuta dalili, in mayar da kwalin mota, da yamma ya koma dafo, daga nan ya koma wurin wanda ya aiko. Wannan daban yake da in ban sami kowa a gida ba. A nan kati ake bari. Royal Mail, wato gidan wayarsu, jan kati suke zurawa ta ramin ƙofa, su ajiye maka kayan kwana 18 kafin su mayar.

Sai dai kafin in kai ga danna wancan wurin, nakan tsaya in ji me ya sa. Na lura yawancin masu ƙi ba mugunta ba ce, tsoro ne.

Makon jiya na je gidan wata tsohuwa, za ta haura tamanin. Ta buɗe ƙofa kaɗan, sarƙa tana maƙale, ido ɗaya kawai nake gani da yatsunta a jikin katako, suna rawa. Ta ce ɗanta ya gargaɗe ta kada ta sa hannu a komai in ba ya nan. Wallahi nan take na tuna Hajiyarmu. Ita ma ko takardar makarantar jikoki aka kawo a ce ta dangwala, sai ta ɓoye hannu a cikin mayafi ta ce a jira maza su dawo. Kuma ba laifinta ba ne, mun ga gonakin da suka salwanta a kan dangwale ɗaya, mun ga wanda ya tsaya wa wani a takarda ya kwana a ofishin 'yan sanda. Na ja da baya taki biyu don ta daina jin tsoro, na juya kwalin na nuna mata sunanta da sunan ɗan nata a matsayin mai aikowa. Na ce ta kira shi. Minti bakwai na tsaya a cikin sanyi tana neman lambar. Da ya ce mata ai shi ya aiko, ta zare sarƙar, ta ja wani ɗan layi a kan gilashin na'urar da yatsa, ko kama da suna bai yi ba. Ya wadatar, tunda hannunta ne ya ja shi.

Wasu kuma kwalin suke gani ya lotsa, su ce ba za su sa hannu a fasasshen abu ba. Waɗannan nakan faɗa musu gaskiya: suna da damar ƙin karɓa, kuma in sun karɓa haƙƙinsu bai faɗi ba. Sa hannun nan shaida ce cewa kaya ya iso, ba shaida ba ce cewa lafiyarsa ƙalau. Dokar kare mai saye ta 2015 ta ce kaya yana wuyan mai sayarwa har sai ya shiga hannun mai saye, kuma wata dokar daban ta ce yawancin abin da ka saya a intanet kana da kwana 14 bayan ya iso ka ce ka fasa. Sai in ɗauki hoton lotsewar, shi ya zaɓa. Akwai mai cewa sai ya buɗe ya gani tukuna. Wannan a wurinmu ba a yarda ba, sai in ba shi haƙuri.

Inda abin yake da wuya shi ne nan. Da yawa daga cikinmu a kan kowane kwali da ya sauka ake biyan mu. Kwalin da ya dawo dafo, ka ƙona mai, ka ɓata lokaci, ba ko kwabo. Ga duhu, ga ruwa, ga gidaje a gabanka. Gilashin nan kuwa bai san yatsan kowa ba. Daƙiƙa ɗaya ta isa in ja layi da kaina, in ajiye kwali in wuce. Shaiɗan yana raɗa wannan a kunnen kowane direba, ni ma ya raɗa mini. Akwai wani abokin aikinmu da ya yi haka da wata waya. Mai gidan ya ce bai gani ba, ya fito da hoton kyamarar ƙofarsa, an ga direba yana sa hannu da kansa. Aka cire kuɗin wayar a cikin kuɗinsa, aka karɓe masa layin da yake bi. Ko da babu kyamara, ni a ganina shaidar zur ce, ka rubuta cewa wane ya karɓa alhali bai karɓa ba. Mu da aka raina da karatun amana a makarantar allo bai kamata a koya mana wannan a Turai ba.

Na san za ku ce Zariya ba Ingila ba ce, kuma gaskiya ne. In ka ba da saƙo a tashar Kwangila zuwa Kano ko Kaduna, babu mai sa hannu. Za ka karɓi lambar direba da lambar mota, ɗan kamasho yana tsaye yana gani, a can a kira mai saƙo ya zo ya faɗi sunan wanda ya aiko. Shaidarmu mutane ne, kuma tsarin yana aiki, don gobe ma a tashar za a sami direban. Amma kai da ke shiga lungu kai kaɗai a mashin, daga Gyallesu zuwa Hanwa, ba ka da ɗan kamasho a bayanka. Dole ka ƙirƙiri shaidarka.

Don haka ƙanena, ga abin da nake so ka riƙa yi. Kafin ka tashi, mai kaya ta tura wa mai saye lamba huɗu ta waya, kai ma ta ba ka. Ka isa, a faɗa maka lambar, ka miƙa. Wannan ya fi biro sauƙi a gidajenmu, don matar aure ba sai ta fito ba, yaro zai iya kawo maka lambar daga ciki. In an aiko yaro babu lamba, ka kira matar a gabansa ta ce da bakinta a ba shi, sannan ta turo maka saƙon murya cewa kaya ya shigo. Hoto kuwa, kayan za ka ɗauka da ƙofar gida, kada ka kuskura ka ɗauki fuskar 'yar mutane. In duk an ƙi, ka ce, "Hajiya ki yi haƙuri, amana aka ba ni, zan mayar, in kun shirya a kira ni." Ka ɗaure kayanka ka juya. Kuma tun farko ku yi magana da masu ba ka aiki, kuɗin zuwa da dawowa wa zai biya in aka ƙi karɓa, don kada man ya zama naka.

Batun leshin nan kuma, kada ka je gidan kai kaɗai. Ka sami Kawu ku tafi tare da mai sayar da kayan bayan la'asar, a yi sallama da maigidan, a fito da yaran gidan ka nuna wadda ta karɓa. Ka duba wayarka, kiran da ka yi a ƙofar gidan ranar yana nan da lokacinsa, kada ka goge.

Shayina ya huce, ruwan ma ya ɗan tsagaita. Kwalin da ke gaba na sa hannu ne, hawa na uku, kuma na san ginin, na'urar hawansu ba ta aiki. Ku gaida mini mutanen Tudun Wada, a ce wa Hajiya zan kira ta in na sauke motar.