Ɗaya cikin bakwai: yadda tsutsar Morris ta durƙusar da intanet a 1988

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya kuke ta aiko mana a sharhi: wai da gaske tsutsar Morris, wato manhajar nan mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ta goge bayanan mutane? A'a, ko fayil ɗaya ba ta goge ba. To me ya sa injina suka tsaya cak? A nan yawancin masu ba da labarin suke yin tuntuɓe, kuma a nan za mu yada zango yau.

[Hoto: tsofaffin kwamfutocin VAX da Sun]

Ranar 2 ga Nuwamba, 1988, Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki wata ƙaramar manhaja ta hanyar wata kwamfuta da ke jami'ar MIT. A lokacin kwamfutocin da ke kan intanet ba su wuce wajen dubu 60 ba, galibi na jami'o'i da cibiyoyin bincike. Kusan kowa ya yarda da kowa.

Bairos, wato wata irin manhaja mai cutar da kwamfuta, sai ya maƙale a wani fayil, wani ya buɗe, kafin ya yaɗu. Tsutsa kuwa da ƙafarta take tafiya. Wannan ta bi ta wata kafa a manhajar aika saƙo ta sendmail, ta bi ta wata a manhajar finger mai nuna bayanan masu amfani da inji, ta bi ta amanar da ke tsakanin injina maƙwabta, sannan ta riƙa cankar kalmar sirri daga jerin kalmomi 432 da take ɗauke da su. Don Allah mai amfani da sunansa a matsayin kalmar sirri, ya canza yau.

[Zane: akwatuna haɗe da layuka]

Yanzu ku natsu. Morris ya san in tsutsar ta yi ta shiga inji ɗaya sau da yawa, za a lura. Sai ya koya mata ladabi irin na baƙo a zaure: kafin ta zauna, ta yi sallama ta tambaya, “Akwai 'yar uwata a ciki?” In an ce akwai, ɗaya ta haƙura ta fita.

Sai wani tunani ya zo masa. Masu kula da injinan nan ba yara ba ne. In suka gano dabarar, za su rubuta 'yar manhaja mai amsa “akwai” kullum, shi ke nan tsutsa ba ta sake zama. Don toshe wannan, sai ya ce: sau ɗaya cikin bakwai, ko akwai ko babu, ki zauna abinki.

Ɗaya cikin bakwai, kamar ba yawa ko? Ku dubi zanen. Inji ɗaya ba sau bakwai ake ƙwanƙwasa masa ba. Duk maƙwabcin da ya kamu yana aiko masa, ba dare ba rana. Kowane kwafi da ya zauna, shi ma ya shiga cankar kalmomin sirri da neman sababbin injina, ciki har da waɗanda suka aiko shi. Biyu su zama biyar, biyar su zama goma sha, kowanne na cin rabonsa na ƙarfin injin. Mai aiki ya danna maɓalli, shiru. A kashe a kunna, cikin ɗan lokaci sun dawo. Nauyi ne ya kayar da injinan, bayanan suna nan lafiya lau.

[Hoto: shafukan jaridun makon]

An ƙiyasta injina kusan dubu 6 ne suka kamu. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, wurare da dama sun cire kansu daga layi don tsira, sai saƙon da ke ɗauke da maganin ya kasa isa gare su. Masana a jami'o'in Berkeley da MIT da Purdue suka hana idonsu barci suna warware manhajar gaɓa-gaɓa, har suka fitar da gyara cikin kwanaki kaɗan. A watan ne aka kafa cibiyar tsaron kwamfuta ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon domin ɗaukin gaggawa irin wannan.

A 1990 kotu ta kama Morris da laifi ƙarƙashin dokar 1986 kan zamba da kutse ta kwamfuta: shekara 3 ana sa masa ido, awa 400 na aikin al'umma, da tarar dala 10,050. Ya ɗaukaka ƙara, amma a 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba sai an tabbatar ya yi niyyar ɓarna ba, niyyar shiga injin da ba a ba shi izini ba ta wadatar. Ni dai na yarda bai nufi sharri ba, kuma na yarda hukuncin ya yi daidai, domin ranar da ya zauna yana tsara yadda zai kauce wa masu gadin injinan, ya riga ya san ba a gayyace shi ba.