Sassaben Zamani: Yadda Manoman Maraɗi da Damagaram Suka Mayar da Itatuwa Gonakinsu

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da iyayenmu manoma da na hango can baya, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa sharar gona ya san yadda muke yi. Da bazara ta kama, a sare kowane toho, a tara, a cinna wuta. Gona fes ita ce ta manomin kirki, malaman gona ma haka suka koyar shekara da shekaru. To, a ƙasar Maraɗi an yi fes ɗin har iska ta riƙa binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka ya sake, ya kuma sakewa. Aka kawo dashe daga wuraren reno, akasari suka mutu, wanda rani ya bari akuya ta ƙarasa.

A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa sabara da kalgon da ake sarewa kowace shekara kututture ne masu rai, saiwarsu ta riga ta yi nisa cikin ƙasa. Aikin ba wuya. Ka tsuguna gaban kututturen, ka zaɓi toho uku zuwa biyar mafiya ƙarfi, ka datse sauran, ka aske rassan ƙasa. Babu ban ruwa, babu kuɗin iri. Shi ne suka sa wa suna sassaben zamani.

Amma ku saurara, nan ne gizo ke saƙa. Bayan farin 1984 an riƙa ba da hatsi don mutane su bar itatuwan. Da hatsin ya ƙare, da yawa suka koma suka sare. Ni ban ga laifinsu ba. A lokacin itace na gwamnati ne, ka sare reshe a gonarka ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai da aka sassauta, har dokar daji ta 2004 ta zo, manomi ya ji itacen nasa ne, sannan abin ya bazu daga gona zuwa gona.

Ku dubi gawo a Magarya da Matamai. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki. Da rani ya yi kore, shanu su kwanta ƙarƙashinsa su ci 'ya'yansa su bar kashi. A tsadar takin zamani ta yanzu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

Ɓarayin itace suna nan, dabbobi ma haka. A Ɗan Saga, yankin Agiye, sai suka kafa kwamitin tsaro, suka sa mata da Fulani makiyaya a ciki. Iyayenmu na Daura da Babura, ku da kuke ratsa iyaka cin kasuwa, ina so in ji daga bakinku abin da ya hana a yi irin wannan a nan. A miƙa musu makirufo.