Kafin yatsa ya danna "tura": jawabin kwamitin ilimi a taron ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, malamai, 'yan'uwa maza da mata, har da matasan da suka lafe a kujerun baya, barkanmu da ganin juna. An ɗora wa kwamitin ilimi ya yi magana a kan yadda ake tantance rubutu da hoto da bidiyon da ke shigowa wayoyinmu dare da rana. Mai zama nesa da gida ya fi kowa bukatar wannan, domin ba shi da damar leƙawa waje ya gane wa idonsa. Da can akan ce gani ya kori ji. Yau shi ma ganin sai an bi diddiginsa.

A 2018 wasu masu bincike uku na jami'ar MIT da ke Amurka sun wallafa nazarin da suka yi a kan labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter tsakanin 2006 da 2017. Sun gano cewa labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗa shi da kashi 70 cikin ɗari, kuma kafin gaskiya ta isa ga mutum 1,500 sai ta ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka. Kuma mutane ne ke wannan aika-aika fiye da na'urori. Ƙarya tana zuwa da abin mamaki, da tsoro, da tunzuri. Saboda haka in saƙo ya sa gabanka ya faɗi ko ranka ya ɓaci nan take, ka ajiye wayar minti biyu tukuna. Wanda ya tsara saƙon wannan faɗuwar gaban yake nema.

Malaman hadisi sun raba bincike gida biyu, isnadi da matani: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sannan me aka faɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a duƙufa kan matani a mance da isnadi. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada malaman tarihi 10, ƙwararrun masu tantance labarai 10, da ɗalibai 25, suka ba su shafukan intanet su faɗi wanda ya fi cancantar a yarda da shi. Ɗalibai da wasu daga cikin malaman suka tsaya a cikin shafin, suna duba tambari da tsarin rubutu da jerin manazarta, da yawansu kuma suka ruɗu. Su ƙwararrun ba su daɗe ba suka fice daga shafin, suka buɗe wasu shafukan suna neman abin da wasu suka ce game da masu shi. Suka riga kowa gamawa, suka kuma fi kowa dacewa. Ba a tambayar mutum shaidar kansa.

To, idan rubutu ya zo maka, nemi sunan wanda ya rubuta da kwanan wata. In babu ko ɗaya, darajarsa ta ji-ta-ji-ta ce. In akwai, ɗauki jimla guda daga ciki, ka sa ta tsakanin alamun zance a Google, domin ya nemo maka kalmomin a jere yadda suke. Sau da yawa za ka tarar an rubuta ta shekaru biyar da suka wuce, ko a kan wata ƙasa daban. In an ce wata hukuma ko gidan jarida ne ya fitar, je shafinsu da kanka, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ka karanta adireshin shafin harafi bayan harafi, don masu damfara kan sauya harafi ɗaya ko su ƙara wata kalma a ƙarshe. Hoton allon waya kuwa ba hujja ba ne, yaro ɗan sakandare zai haɗa shi cikin minti biyar. A WhatsApp, idan ka ga kibiya biyu a saman saƙo, ma'anarta ya bi ta hannu biyar ko fiye kafin ya iso gare ka, kuma wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba.

A nan za mu ɗan daɗe, a kan hoto. Mafi yawan hotunan yaudara ba a taɓa su ba ko kaɗan. Hoton gaske ne, tsoho, aka liƙa masa sabon bayani. Maganinsa binciken hoto da hoto. Ka adana hoton a wayarka, ka buɗe Google Lens ko shafin TinEye, ka ɗora shi, su nuna maka wuraren da ya taɓa fitowa. A TinEye akwai zaɓin jera sakamako daga mafi tsufa, wannan shi ne abin dannawa. Idan hoton da aka ce na jiya ne ya bayyana a shafin 2016, magana ta ƙare. Akwai wani hoton kifin shak yana iyo a kan babban titi da ambaliya ta shanye. Tun guguwar Irene ta 2011 yake yawo, kusan duk guguwar da aka yi a Amurka sai ya dawo da sabon sunan gari, alhali an yanko kifin ne daga wani hoton da aka ɗauka a teku.

Inda binciken kan ci tura shi ne idan an juya hoton dama zuwa hagu, ko an datse gefensa, ko an lafta masa rubutu. Sai ka yanke rubutun, ka juya hoton, ka sake nema. Kuma rashin samun sakamako ba ya nufin hoton gaskiya ne, yana nufin ba a same shi a rumbun ba kawai. Daga nan sai ka koma cikin hoton ka faɗaɗa shi da yatsu biyu. Da wane harshe aka rubuta allunan shaguna? Wane irin lamba ke jikin motoci, kuma ta wane hannu suke tuƙi? An ce da tsakar rana ne, me ya sa inuwa ta yi tsawo? An ce lokacin zafi ne, me ya sa kowa ke sanye da rigar sanyi?

Sai hotunan ƙirƙirarriyar basira. A watan Maris na 2023 mutane da dama sun yarda da hoton Fafaroma Francis cikin wata ƙatuwar farar rigar sanyi, ashe manhajar Midjourney ce ta zana shi. A watan Mayun shekarar wani hoton hayaƙi kusa da Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka, ya sa kasuwar hannun jarin Amurka ta yi ƙasa na ɗan lokaci kafin a gane na bogi ne. An saba cewa a ƙirga yatsu, a duba haruffan da suka cakuɗe, a lura da ɗan kunne ko gilashin ido da ya narke cikin fata. A duba ɗin, amma kada a dogara da shi, manhajojin suna gyara waɗannan kurakurai kullum. Su ma shafukan da ke cewa suna gano hoton na'ura suna kuskure ta fuska biyu, su wanke na ƙarya, su tuhumi na gaskiya. Tambayar da ta fi ƙarfi ita ce: ina hoto na biyu? Babban abu ba ya faruwa a bainar jama'a a ce hoto ɗaya tak aka samu daga kusurwa ɗaya. Na Pentagon bai da na biyu.

Bidiyo jerin hotuna ne, don haka ka tsayar da shi wuri uku ko huɗu, ka ɗauki hoton allon, ka bincika kowanne. Masu kwamfuta na iya sa manhajar InVID ta yi musu wannan aiki. Ka kalla sau ɗaya ba sauti, domin sau da yawa muryar daga baya aka ɗora ta. Ka kuma tambayi abin da ya faru kafin daƙiƙar farko da bayan ta ƙarshe. A 2019 an rage gudun wani bidiyon Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, sai ta fito kamar wadda ta yi maye. Ba a ƙara ko kalma ɗaya ba, gudu aka rage, aka kuma daidaita sautin muryar. Murya ma yanzu ana kwaikwayonta. In saƙon murya ya zo da muryar ɗan'uwa yana neman kuɗi cikin gaggawa, kira shi a lambar da ka sani tun da, ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Jadawalin alƙaluma kuma, fara da duba inda ma'aunin gefe ya soma. In ya soma daga 97 maimakon sifiri, 98 da 100 za su fito kamar ɗaya ya ninka ɗaya sau uku. In an ce haɗarin wata cuta ya ninka, tambayi daga nawa zuwa nawa. Daga mutum 1 cikin 10,000 zuwa 2 cikin 10,000 ninki ne, daga 20 cikin ɗari zuwa 40 ma ninki ne, amma tsakaninsu akwai nisa.

Ranka ya daɗe, kwamiti na da roƙo game da zaurenmu na WhatsApp. Duk mai tura labari ya haɗa da adireshin inda ya samo shi. Wanda ya yi shakka ya fara duba shafukan masu tantancewa irin su AFP, Africa Check da Dubawa, watakila sun riga sun bincika. Idan dattijo ne ya tura abin da ba daidai ba, a bi shi ta gefe cikin ladabi a nuna masa hujja, shi ya dawo ya gyara da bakinsa. A kuma goge saƙon ga kowa da wuri, don WhatsApp na ba da kusan kwana biyu ne kawai, bayan nan zaɓin ya ɓace. Bayan an tashi, 'yan kwamiti za su zauna a teburin bakin ƙofa, duk mai son a nuna masa binciken hoto a wayarsa ya tsaya. Wassalamu alaikum.